Baitin da Babu Mu a Ciki

Da la'asar ne, a gidanmu na Ɗantutture. Inna tana kaɗi a ƙofar ɗaki, ni kuma ina bitar waƙar begen Madina da Baba yake sa ni rera masa tun da ya fara zancen tafiya Makka a ƙafa.

Ta ce, "Sake min daga farko."

Na sake.

"Ka ji dabarar mai waƙar? Sai da ya tuna wa mutum kabari, gabansa ya faɗi. Sannan ya kira shi jarumi. Sannan ya ce mai cewa sai baɗi ba masoyi ba ne. Ban ce ya yi ƙarya ba. Amma akwai baitin da ya ambaci waɗanda ake bari a gida?"

Na bi ta a zuci. Babu.

"To, yau ka ce wa babanka maƙogwaronka na ciwo."

Sai Baba ya kira ni daga zaure. Ina son yadda yake yabon muryata gaban baƙi. Na je na rera, har ya yi hawaye.

Kafin damina Baba ya tafi, ba mu sake jin labarinsa ba. Waƙar tana nan a kaina, ko baiti bai ɓace ba. Fuskarsa ce na kasa tunowa.