Wanda Ya Amsa Sallama

Tun da aka hana ƙararrawa a wuraren aiki, kwamfutocin kamfaninmu na haɗa manhaja a Zariya sallama suke yi idan sabon aiki ya shigo. Wanda ya fara amsawa, aikin ya hau kansa.

Ranar da Tasi'u ya fara aiki, ni na saita masa tasa.

"Muryar dattijo kake so ko ta budurwa?"

"Anti Barira, ba a kashe ta?"

"Ba a kashewa. Kai dai ka iya bakinka. Ni da kake gani, shekara huɗu ba ta kama ni ba."

Kafin azahar ya amsa sau tara, ayyuka tara suka hau kansa. Muka yi ta dariya.

Bayan la'asar muryar dattijo ta yi sallama daga bayana. Ko kai ban ɗaga ba. Sai a ta uku Tasi'u ya kasa daurewa, ya amsa.

Na juya zan tsokane shi. Mahaifina ne a bakin ƙofa, har ya juya zai tafi.

"Barira," ya ce, "ashe kina ciki."