Ladanin da Ya Jinginar da Gidansa

Tunda ka ce kunya ce ta hana ka neman haƙƙinka, bari in ba ka misalin wani ladan. Ɗinkin hula ne sana'arsa, kuma shekara ashirin muryarsa ke tada unguwa sallar asuba. Da mai gidan haya ya ba shi wa'adin tashi, ga iyali tara, sai ya saci jiki ya je banki ya ci bashi, ya sayi ɗan gida mai ɗaki uku, ya bar musu takardun gidan jingina. Aka yi yarjejeniya a rubuce kan ruwa goma cikin ɗari. Ya san abin da malamai ke faɗa a kan kuɗin ruwa, saboda haka ko matarsa bai gaya wa ba, mutane suka ɗauka gado ya ci. Bayan shekara uku banki ya mayar da ruwan ashirin da biyu, babu ko sanarwa, aka ce ya biya ko a yi gwanjon gidan. Masu bankin sun san irinsa sarai: gara ya sayar da rigar jikinsa da a ji sunansa a kotu kan riba. Da kunyar bayin Allah suke cin abinci, Allah wadai.

Lauyan da ya je wurinsa ya duba takarda ya ce gaskiya tasa ce, amma sai ya tsaya gaban alƙali ya faɗa da bakinsa. Kwana bakwai yana jujjuya maganar. Ranar Juma'a bayan la'asar ya miƙe a masallaci ya ce, "Jama'a, gidan da nake ciki da bashin ruwa na saye shi. Na yi kuskure, ina neman gafarar Allah. Amma ƙarin da aka yi mini zalunci ne, kuma Litinin zan faɗa a kotu." Can sai wani dattijo ya sunkuyar da kai ya ce shi ma haka bankin ya yi masa. Kafin a watse sun zama su shida, kowa da nasa ɓoyon. Tare suka shiga kotu, alƙali ya soke ƙarin, ba wanda aka fitar daga gidansa. Ni dai ina jinjina wa mutumin nan, don tsayuwar masallacin ta fi ta gaban alƙali wuya nesa ba kusa ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.