Kujerar Makka Ta Cikin Waya

Tanimu, tun ɗazu kake cika min kunne, wai kawunka ya ƙi jin magana, 'yan damfarar waya za su wanke shi tas. To kai da me ka je masa? Da tsawa! Zauna ka daina huci, in ba ka misali.

An yi wani mai faci a bakin titi da wata rana ta zo masa a karkace. Injin iskarsa ya ƙi tashi, tayar da ya liƙe jiya mai ita ya dawo da ita yana zage-zage, shayin da ya saya akuya ta kifar. Yana cikin wannan sai ga wani tsoho mai lambun albasa, wanda suka saba tsayawa sahu ɗaya a masallaci, ya turo kekensa. Ya ce a yi masa faci maza, dillali na jiransa, lambun zai sayar. Mai faci ya saki baki. Lambun nan shi ne cin tsohon, shi ne suturarsa, da shi ya aurar da 'ya'yansa. Sai da aka sha rantse-rantse kafin tsoho ya raɗa masa zancen: an kira shi a waya, wai wani attajiri mai neman lada ya ware kujerar Makka guda ɗaya tak, kuma a duk yankin kansa ta faɗa. Saura kuɗin fasfo da na allura, kafin Juma'a. An kuma ja masa kunne kada ya gaya wa ko matarsa, saboda kambun baka.

Mai faci ya ce, "Baba, wallahi damfara ce!" Tsoho ya kaɗa kai ya ce, "Allahu akbar. Sai da suka ce min masu baƙin ciki za su faɗi haka." Ka ji fa! In mai faci ya yi magana ta zama hassada, in ya yi shiru lambu ya tafi. Kansa ya ɗaure har shi ma ya fara kokwanto: in kuma gaskiya ne fa? Shi ne zai tsaya tsakanin tsoho da Ka'aba? Ya ɗauki tayar keken ya ajiye, ya sake ɗauka, ya shafa gam inda ba huda. Can ya ce, "To Baba, na yarda. Amma wa ka taɓa gani ya tafi aikin Hajji bai zaga ya nemi gafarar mutane ba?" Nan kuma tsoho ne ya rikice. Masu waya sun ce ya ɓoye, shi kuwa tun yana yaro bai san maniyyacin da ya sulale kamar ɓarawo ba. Daga ƙarshe ya ce gidaje uku kawai zai shiga, na tsofaffin abokansa, daga nan sai wajen dillali. Mai faci ya rufe rumfarsa, ya goya shi a babur.

Gidan farko na wani tsohon mahauci ne. Mai lambu ya durƙusa ya ce a yafe masa, Makka za shi. Mahauci ya zaro ido ya ce ai ba ta yiwuwa, kujerar ɗaya ce kuma tasa ce, shekaranjiya aka kira shi. Suka kama musu, kowa na rantsuwa shi aka zaɓa, har suka fito da wayoyi aka gwada, lamba ɗaya ce. Duk da haka mai lambu bai saduda ba, ya ce wataƙila an ƙara kujera. A gida na biyu ba su tarar da mai gidan ba. Na uku gidan wani manomi ne da suka yi ƙuruciya tare, wanda ya yi wata guda ba a ganinsa a majalisa. Suna shiga suka ga turken shanun huɗarsa wayam, igiyoyi a ƙasa, kashin ya bushe. Shi kuwa yana zaune a zaure, akwati a gefensa, harami a ninke a kai, waya a hannu. Da mai lambu ya fara neman gafara, sai manomi ya yi murmushi ya ce ai shi ma yana hanya, tun watan jiya ya sayar da shanun ya tura, lambar ce dai ba ta shiga kwana biyu, amma za su kira. Yana maganar yana duban wayar, ga damina ta kawo jiki.

Mai faci ya ja gefe ya bar su. Mai lambu ya daɗe yana kallon turken nan, hawaye na bin gemunsa. Da suka fito ya hau babur da ƙyar, ya ce, "Ɗana, kai ni lambu. Albasar nan tun jiya ba ta sha ruwa ba."

To Tanimu, kawunka ya girme ka da shekara arba'in, ba zai yarda yaron da aka haifa a gabansa ya fi shi wayo ba, ko ka yi tsawar duniya. Ka rage baki, ka kama hannunsa ka kai shi inda idonsa zai gaya masa. Ba banza ba Hausawa suka ce gani ya kori ji.