Ranar da Injin Shigeharu Ya Yi Ambaliya

Tun daga bakin hanya Shigeharu ya jiyo warin mai. Ya yar da sandarsa ya sheƙa a guje, shi da gwiwoyinsa suka daɗe da manta yadda ake gudu.

Ya banko ƙofar rumfar da ya ajiye injin. Fanka na ta kaɗawa a kan benci yadda ya bar ta jiya, injin na tsaye a lungu shiru abinsa, tankin da ke gindin bututu kuwa ya cika fal har ya tumbatsa. An ma tara bokiti a ƙarƙashinsa, shi ma ya kusa cika.

Ya ƙwala wa matarsa kira, "Tomie! Tomie, zo ki ga abin mamaki!"

Injin aro ne daga ƙaramar hukuma. Teku ba ta gajiya da watso wa tsibirinsu robobi, shi kuma aikinsa ke nan: a zuba roba a tukunyarsa, a rufe ruf ba iska, a gasa. Robar ba ta kamawa da wuta, sai dai ta narke ta zama tururi, tururin ya bi bututu ya huce, ya riƙa ɗiga mai. Da wannan man za a hura wutar gidan wankan gari, wanda aka rufe tun da mai ya yi tsada, tsofaffi suka rasa wurin jiƙa ƙasusuwa da baje hira. Shigeharu, tsohon makaniken jirgin fito, shi ya daki ƙirji a gaban jama'a ya ce a bar masa.

Sau biyu yana gwadawa, sau biyu injin na kunyata shi da wani baƙin kunu da bai cika kofin shayi ba. Har 'yar fitilar da ke nuna yana aiki iskar teku ta lalata ta. Kirihara, ma'aikaciyar hukuma, ta rusuna cikin ladabi ta ce yau ne gwajin ƙarshe. In babu mai, injin zai bi jirgin yamma ya koma inda ya fito.

Saboda haka jiya ya wuni a wannan rumfa ta kwano mai taga ɗaya da soket ɗaya, ga zafin bazara, yana wanke roba, yana shanyawa, yana tsince yashi. Ya loda tukunya, ya danna maɓalli, ya tafi gida ya kasa cin ko lomar shinkafa. Duk wanda ya gamu da shi a hanya sai da ya ji tausayinsa.

Ga shi yanzu mai har ƙasa!

Tomie ta iso tana goge hannu da tawul. Ta leƙa tankin, ta ɗan ja da baya, ta ce, "Har haka ya kai?"

"Har haka, tsohuwa! Ke da kike cewa in koma noman albasa!"

Ya kama hannuwanta ya juya ta zagaye biyu, bai damu da mai kallo ba. Hannun rigarta ma warin mai yake yi, ya ce a ransa yau komai na tsibirin nan warin nasara zai yi.

Kafin hantsi rumfa ta cika. Gonda masunci, abokin tsokanarsa tun suna yara, ya leƙa bokiti ya sosa ƙeya, ya ce, "Kai Shige, buhu nawa ka zuba?"

"Ɗaya tak!"

"Buhu ɗaya ya haifi wannan? To ni ma jefa ni ciki mana, ko na fito saurayi."

Dariya ta ɓarke, irin wadda mutane ke yi suna kauce wa idon juna. Inna Orie mai kanti ta fi kowa, har tana share hawaye. Ta ce ita yau rufe kanti za ta yi, ai kananzir ɗinta ma ya ƙare ƙarƙaf. Shigeharu ya ce wa ke neman kananzir a tsakiyar bazara, kuma wa zai sake nema daga yau?

Ya ɗebo man a kwalba ya ɗaga wa rana. Fari tas, ba ɗigon datti. Ya shiga bayani, yana nuna bututu, yana nuna tukunya, yana cewa sirrin duka a wanki yake. Kowa na gyaɗa kai da sauri.

Kirihara ta zo da sandar awo. Ta tsoma, ta duba, ta sake tsomawa, ta ɗago ido ta bi jama'a da kallo ɗaya bayan ɗaya. Hannunta na ƙamshin sabulu kamar wadda ta daɗe tana cuɗa shi. Ta yi gyaran murya ta ce inji ya zauna, ba za a mayar da shi ba.

Wayyo murna! Aka ɗauki bokitai aka nufi gidan wanka da waƙa, Gonda a gaba yana kaɗa murfin tukunya. Ba a jima ba hayaƙi ya tashi a rufin da ya daɗe bai ga hayaƙi ba.

Shigeharu ya ce su yi gaba, zai kwashe gawayin da ya rage a tukunya ya biyo su. Yana ta busa fito da baki, ya sa safar hannu don gudun ƙuna, ya kwance murfin.

Tukunyar sanyi ƙalau. Robobinsa na nan lafiya lau, wankakku, yadda ya jera su. Ya bi wayar injin da ido har ƙasa, ya ga filoginta yashe a gindin benci, soket ɗin nan ɗaya kuwa tun jiya fanka ce a cikinsa. Sai a lokacin ya tuna da warin hannun rigar Tomie, da kananzir ɗin Inna Orie da ya ƙare ƙarƙaf.