Tsarin Kunama na Malam Bature

Malam Bature ya zana kunama a allo, ya juyo ya dubi 'yan wasansa. Ƙafafun su ne 'yan baya, wutsiyar kuma ɗan gaba mai harbi. Yaran suka gyaɗa kai, ko da yake babu wanda ya fahimta.

Sunansa na yanka Abdulrauf. Laƙabin Bature ya samo asali ne daga wani ɗan gajeren kwas na horar da 'yan ƙwallo da ya yi a ƙasar Turawa, wanda tun da ya dawo bai bar kowa ya huta da labarinsa ba. Shi ke horar da ƙungiyar wata ƙaramar kwaleji a Madina, kuma bara su suka zo na ƙarshe a gasar kwalejojin yanki. Mudir, shugaban kwalejin, bai ɓoye masa ba: in aka maimaita bana, za a mayar da shi wata makarantar ƙauye can bayan Tabuka.

Da ya kai labarin gida, matarsa Rakiya ta ajiye ludayi. A unguwar Ƙiblatain aka haife ta, a nan tsohonta yake.

"Wallahi ba na barin Madina," ta ce. "Khalas, magana ta ƙare."

"Kwantar da hankalinki, ina da tsari."

"Allah ya taimaka," in ji ta, ta ci gaba da aikinta.

Abin mamaki, kunamar ta yi harbi. Ranar Alhamis bayan la'asar 'yan Khaibara suka zo, manya-manya da su, suka fara da zafi. Kafin hutun rabin lokaci sun soma dafa gwiwa. Aka ci su biyu. Na Badar suka zo, golansu yana hamma ƙwallo ta wuce shi. Bature ya sayi sabon usur, ya fara tafiya da hannuwa a baya.

A wasannin waje kuwa sai a hankali. Yanbu ta yi musu ruwan ƙwallaye, ya ce iskar teku ce. A Al-Ula ya ce alƙalin wasa ne. Bai taɓa rasa mai laifi ba, kuma bai taɓa leƙa madubi neman sa ba.

Ɗalibai suka fara raɗe-raɗin wai an binne laya a ƙarƙashin raga. Wannan ya ƙona masa rai ƙwarai. Ya tara su ya yi musu huɗuba cewa kimiyya ce zalla, kunama tana gajiyar da abokin gaba kafin ta harbe shi, duk Turai an san haka.

Abin da ke damunsa ɗaya ne, a gida ba a san darajarsa ba. Duk ranar da za su buga a Madina, burodi da wake kawai yake samu, Rakiya ta ce tana da hidima kuma an ari tukwanenta. Surukinsa Alhaji Maigandi, wanda ya tsufa yana kai alhazai ziyara, ko sau ɗaya bai zo kallo ba. In Bature ya fara yi masa bayanin kunama, sai tsohon ya ce, "Ni ƙafata na sani, ɗana, ban san tamaula ba."

Wasan ƙarshe ya zo, a gida, da Yanbu. In sun ci sun tsira, in ba haka ba sai Tabuka. Mudir ya zauna a gaba, fuskar nan ba annuri. Tun ba a je ko'ina ba Yanbu ta jefa ɗaya. Bature har ya hango kansa yana ɗaure katifa a saman mota.

Sai kuma abin ya juya. Kyaftin ɗin Yanbu ya zauna ya cire takalmi yana duba tafin ƙafa. 'Yan bayansu suka koma bin ƙwallo da ido. Aka rama, aka ƙara, aka tashi. Ɗalibai suka ɗaga Bature sama, mudir ya sumbaci goshinsa.

Nasara ta sa shi karamci. Ya bi mai horar da Yanbu har bakin motarsu don ya ɗan ɗanɗana masa sirrin kunama. Mutumin ya rungume shi.

"Ya shaikh, an ci mu amma ba mu yi asara ba. Duk gasar nan zancen karamcinku ake yi. Ka ga dattijon can? Shi ke tarbar kowace ƙungiya kafin wasa. Ya ce mota ba ta nuna wa baƙo Madina. A ƙafa ya kai mu daga Ƙiblatain har Uhudu, muka hau tudu muka sauko, sannan 'yarsa ta sauke mana tuwo da man shanu da fura, ya rantse ba mai tashi sai an ga gindin tukunya."

Bature ya waiwaya. Can a inuwar motar, Alhaji Maigandi ne ke karkaɗe takalmansa, kusa da shi kuma Rakiya tana jera tukwanen da aka ara.