Farantin shayi a hannun Inna

Inna tana shara da kai shayi a wani buro, wato ofis, a Madarumfa, inda aka hana shiga da goyo. Ni ke riƙon ƙanena a waje, gindin itacen bedi.

Wata rana baƙi suka zo taro. Yaron ya yi ta kuka har muryarsa ta dushe. Ta taga na hango Inna da faranti, nono ya jiƙa rigarta, tana jan mayafi tana rufewa. Ba halin fita.

Sai wani tsohon gardi mai tsaron ƙofa ya shiga ya karɓi farantin. "Je ki ba shi, ɗiyata. Ni ma na iya zuba shayi."

Ta fito, a tsaye ta shayar da yaron. Bai ƙoshi ba ta zare shi, ta koma.

Sai da na haihu ina aiki na san nauyin abin da tsohon nan ya karɓa.