Jikokin Orville Tackett

Orville Tackett ya goge takalmansa har sau biyu a safiyar zaman kotu. Shekararsa saba'in da ɗaya, dattijon coci, tsohon mahaƙin kwal. Duk faɗin kwarin nan babu mai ɗaga masa murya.

Sai ga wata mai dafa abinci a makarantar firamare, Misis Sizemore, baƙuwar da ta zo garin bara. Ita ce ta lura jikarsa Junie ta kasa jingina da kujera. Ta ɗaga rigar yarinyar, ta ga shatin bel, ta kira hukuma. Kafin yamma an kama ɗansa Dwayne, mahaifin yarinyar, an kwashe Junie da ƙanenta Colt zuwa gidan wasu bare masu riƙon yara.

A wurin Orville horo ne kawai. Da bel ya raini Dwayne, ga shi kuma ya zama mutum.

Ya yi rantsuwa sai matar nan ta gane kurenta. Ya bi 'yan kwamitin makaranta gida-gida har aka sallame ta. Ya je wa mai gidan da take haya da magana, aka ba ta wata ɗaya ta kwashe kayanta. Sau ɗaya ya hango ta a bakin kanti, mace mai jiki, furfura ta fara fito mata, hannunta na dama a karkace. Ta tsaya tana kallonsa ba ko ƙiftawa. Ya tofar da yawu, ya ja motarsa.

Saura yaran. Lauyansa ya ce masa ya kwantar da hankali.

"Doka dangi take fifitawa, Mista Tackett. Uwarsu ta rasu, nata dangin babu labarinsu. Wa ya rage in ba kai ba?"

Orville ya buɗe ɗakin baya, wanda ya kulle shekara talatin da suka wuce, ya kuma hana a ƙara ambaton mai shi. Ya share, ya shimfiɗa katifa biyu, ya rataya bel a ƙusar bayan ƙofa. Suna shigowa hannunsa Junie za ta koyi kama bakinta. Matar nan kuwa ko inuwarsu ba za ta sake gani ba.

A kotu ya tarar da ita zaune a bencin ƙarshe. Ya rage tafiya daidai kanta.

"Kallo kika zo, uwar shisshigi? To gyara zama."

Ta kau da kai, ya wuce gaba ya zauna.

Mai shari'a ta daɗe tana juya takardu. Daga bisani ta ce kotu ta gamsu, hannun dangi ya fi dacewa da yaran nan. Orville ya yunƙura yana gyara kwat.

"Zauna, Mista Tackett. Masu neman riƙon su biyu ne. Ɗayar ta kawo tsohuwar takardar asibiti ta karayar hannunta, ta kuma yi rantsuwa a kan abin da ta gani a gidanka. An duba sabon mazauninta, an yarda da shi. Na ba Misis Sizemore riƙon yaran."

Lauyan ya kama masa hannu, ya fizge.

"Wannan baƙuwar? Dangi kika ce! Ina ta haɗa jini da jikokina?"

Matar ta taso a hankali, ta ratsa tsakanin benci har ta tsaya dab da shi. Bai taɓa ganinta kusa haka ba. Ya dubi idanunta, sai ya ga kamar ya san su.

"Ka kore ni daga aiki, ka kore ni daga gidan haya," in ji ta, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ban yi mamaki ba. Ina 'yar shekara goma sha huɗu ka fara korata daga gidanmu, Baba."